Hutun Kwana Uku A Legas: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Tsara Lokacinsa Da Kuɗinsa

Tun daga watan Yuni na shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi farashinta da kanta a kasuwar canji, lissafin zuwa hutu ƙasashen waje ya rikice wa 'yan kasuwa da dama. Dalar Amurka da ake saye a kan Naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati kafin wannan mataki, ta haura Naira 1,500 a cikin watan Fabrairu na 2024. Wato ke nan tikitin jirgi, da kuɗin otal, da na abinci a Dubai ko Alƙahira ko Landan duk sun ninka fiye da sau uku idan aka auna su da Naira, alhali kuwa cinikin mafi yawan 'yan kasuwa bai ninka haka ba. Wannan ne ya sa hankali ya koma kan gajeren hutu na kwana uku ko huɗu a cikin gida, kuma birnin da ya haɗa kayan tarihi, da abinci iri-iri, da shagulgulan dare, da bakin teku a wuri guda, shi ne Legas, wadda dattawa har yanzu suke kira Ikko.

Abin mamaki shi ne, 'yan kasuwar Arewa sun fi kowa zirga-zirga zuwa wannan birni, amma ƙalilan ne daga cikinsu suka taɓa ganinsa da idon baƙo. Mutum zai shekara ashirin yana sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can don fitar da kaya, ko yana kai tumatir da albasa kasuwar Mile 12, ko dabbobi Alaba Rago, amma bai taɓa tsayawa gaban teku ba. Idan irin wannan mutum ya yanke shawarar ƙara kwana uku a kan tafiyarsa ta kasuwanci, ko ya ɗauko iyali musamman don hutu, kuskuren da aka fi yi shi ne a zauna a lissafta kuɗi kawai, a manta da lokaci. A Legas kuwa lokaci ya fi kuɗi tsada, domin ana iya ƙara kuɗi daga banki a cikin minti ɗaya, amma sa'o'i uku da suka salwanta a kan gada sun tafi ke nan, kuma an riga an biya kuɗin otal da na jirgi a kansu.

Dalilin haka yana cikin yadda Allah ya shimfiɗa garin. Akwai ɓangaren tudu, inda filin jirgin sama na Murtala Muhammed yake a Ikeja, tare da unguwanni irin su Agege, Surulere, Yaba da Mushin. Akwai kuma ɓangaren ruwa, wato tsibirin Legas ainihi, da Ikoyi, da tsibirin Victoria, sannan yankin Lekki da ya miƙe gabas tsakanin tafki da teku. Gadoji uku ne kacal suke haɗa tudu da tsibirin Legas: gadar Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, da gadar Eko ta 1975, da kuma gada ta uku mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Manyan ofisoshi da bankuna suna tsibiri, gidajen mafi yawan ma'aikata kuwa suna tudu. Saboda haka da safe motoci sukan yi dafifi zuwa tsibiri, da yamma kuma su juyo gaba ɗaya. Duk wanda ya bi sahunsu ya shiga cunkoso, wanda kuwa ya saɓa musu yakan tarar da hanya a buɗe.

Daga nan ne ya kamata a fara zaɓen masauki. Otal a Ikeja ya fi sauƙin kuɗi bisa ga na tsibirin Victoria ko Ikoyi, kuma yana kusa da filin jirgi. Sai dai kusan dukkan wuraren da baƙo ya zo gani suna ƙetaren gada. Mutumin da ya sauka a Ikeja don ya rage wani abu a kuɗin ɗaki, zai ƙetare ruwa sau biyu kowace rana, da safe tare da ma'aikata, da yamma ma tare da su, ya biya kuɗin mota mai yawa, kuma ya isa inda za shi a gajiye. Idan aka haɗa kuɗin motar da sa'o'in da suka tafi, sau da yawa arhar ta zama tsada. Shawara mafi dacewa ita ce a kwana a inda ake sa ran kammala yini, wato tsibirin Victoria, Ikoyi ko farkon Lekki, a bar Ikeja sai daren ƙarshe idan jirgin komawa na sassafe ne.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a farashin da ake tallatawa. Otal-otal da manyan gidajen abinci sukan ɗora harajin kayan masarufi na Gwamnatin Tarayya, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairu na 2020, da harajin kashi 5 cikin ɗari na Jihar Legas a ƙarƙashin dokarta ta 2009 game da otal-otal da gidajen abinci, sannan da yawa daga cikinsu su ƙara kuɗin hidima, wanda yakan kai kashi 10 cikin ɗari. Alal misali, ɗakin da aka ce Naira 100,000 ne a dare, zai iya tashi a kan Naira 122,500 idan aka haɗa waɗannan uku. Tambaya ɗaya tak kafin a biya, wato ko farashin ya haɗa da haraji da karin kumallo, tana hana jayayya a ranar tafiya. Mai iyali da yawa zai iya duba gidajen haya na kwanaki, waɗanda suka yawaita a Lekki, domin akwai ɗakin girki da falo. Amma kada a tura kuɗi a kan hoton da aka gani a intanet kawai. A sa wani amintacce ya je ya ga gidan, ya kuma tambayi yadda wutar lantarki da ruwa suke.

Dangane da lokacin zuwa, ruwan sama ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, musamman a watan Yuni, inda titunan Lekki da na tsibirin Victoria sukan cika da ruwa. Akan ɗan sami sauƙi a Agusta, ruwan ya dawo a Satumba da Oktoba. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu kuwa gari yakan cika da 'yan Nijeriya mazauna Ingila da Amurka da suka dawo gida da kuɗin waje a hannu, ga bukukuwan kiɗa kusan kowane dare, don haka kuɗin ɗaki da na jirgi da na mota duk sukan yi tashin gwauron zabo. Wanda albashinsa Fam ne ko Dala ba ya jin wannan tsada, amma mai cin riba da Naira yana jin ta. Watan Nuwamba shi ne ya fi dacewa da ɗan kasuwa: damina ta janye, tsadar Disamba ba ta iso ba, kuma a farkon watan ne Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Legas take shirya kasuwar baje kolinta ta duniya, ta yadda mutum zai jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Fabrairu da Maris ma suna da sauƙin farashi, sai dai zafi da gumi.

Yinin kallon kayan tarihi ya fi kyau a keɓe shi ga tsibirin Legas kaɗai, domin wuraren suna kusa da juna. A unguwar Onikan akwai Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa, wanda aka kafa a 1957, inda aka ajiye gumakan yumɓu na Nok da kayan tagulla na Benin da Ife. Amma abin da ya fi tsayar da baƙo daga Arewa shi ne baƙar motar nan ƙirar Marsandi wadda aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, har yanzu da hujojin harsashi a jikinta. Daura da gidan akwai Cibiyar John Randle ta al'adun Yarabawa, wadda aka ƙaddamar a 2023. 'Yar tafiya kaɗan kuma sai Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya a daren 1 ga Oktoba, 1960. A titin Broad akwai lambun shaƙatawa na Freedom Park, wanda a da shi ne kurkukun Turawan mulkin mallaka, aka mayar da shi wurin hutawa a 2010.

Daga nan idan aka nufi cikin kasuwa, za a tarar da Babban Masallacin Legas a titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka buɗe gininsa na yanzu a 1988. Kusa da shi akwai wani ƙaramin masallaci da baƙi da yawa suke wucewa ba su sani ba, wato masallacin Shitta-Bey, wanda wani attajiri Muhammadu Shitta ya gina da dukiyarsa, aka buɗe a 1894. Gininsa ya bi salon magina 'yan asalin ƙasar nan da suka dawo daga Barazil bayan bauta, kuma Sarkin Daular Usmaniyya ne ya ba mai ginin sarautar Bey. Masallatan biyu suna tsakiyar hada-hadar kasuwar Balogun da Idumota, inda ɗan kasuwa ba ya bukatar jagora. Illa dai a tuna cewa mafi yawan shaguna ba sa buɗewa ranar Lahadi, kuma da zarar an shiga sayayya yinin ya tafi. Wanda ya zo da uwargida ya san da wannan tun daga gida, ya ware wa atamfa da leshi lokacinsu da kuɗinsu daban.

Garin Badagry, mai kayan tarihin cinikin bayi da gidan bene na 1845, ya cancanci gani, amma ba a cikin hutun kwana uku ba. Yana can yamma kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, kuma zuwa da dawowa kaɗai suna cinye yini guda.

Batun abinci shi ne inda kuɗi ya fi sauƙin juyawa, domin tazarar farashi tsakanin gidan abinci na tsibirin Victoria da bukka ta cikin unguwa tana da faɗi ƙwarai, kuma ba kullum ne mai tsadar ya fi daɗi ba. Abincin Yarabawa bai yi wa Bahaushe nisa kamar yadda sunayensa suke nunawa ba. Amala tuwon garin busasshiyar doya ne, ewedu miyar lalo ce, gbegiri kuwa miyar wake ce, kuma akan haɗa su uku a kwano ɗaya. Shinkafar Ofada 'yar gida ce, ana zuba ta a ganye, miyarta ta manja ce da daddawa da barkono mai yawan gaske. Da safe akwai dafaffen wake mai laushi da ake kira ewa agoyin, wanda ake ci da burodin Agege. Abin da ya kamata baƙo daga Arewa ya kashe wa kuɗi shi ne abin da ba ya samu da ɗanyensa a gida, wato kifin teku, da jatan lande, da ƙaguwa. A manyan gidajen abinci na baƙi, musamman na Sinawa da Turawa, wajibi ne a tambaya ko akwai naman alade ko giya a cikin girki, kuma masu hidima sun saba da irin wannan tambaya, domin Musulmi suna da yawa ainun a Legas.

Wanda cikinsa ya yi kewar gida ba zai sha wahala ba. Hausawa sun daɗe a wannan gari. Tun a 1863 John Glover, wanda ya zama gwamnan Legas, ya kafa rundunar Hausawa wadda tarihin sojan Nijeriya yake farawa daga gare ta, kuma cinikin goro da layin dogo sun kafa zango a Agege tun farkon ƙarni na 20. A Agege, Idi-Araba da Obalende ana samun tuwon shinkafa, masa da fura kamar a Fagge. Tsire da balangu kuwa sun zama abincin daren Legas baki ɗaya, kuma har yanzu sana'ar tana hannun 'yan Arewa, daga titin Glover Court a Ikoyi zuwa titin Allen a Ikeja.

Wannan ya kawo batun dare. Mutane da yawa idan an ce shagalin dare a Legas sai hankalinsu ya tafi gidajen rawa da mashaya na tsibirin Victoria da Lekki, inda ba a fara cika sai bayan sha biyun dare, kuma inda kuɗin tebur ɗaya zai iya zarce kuɗin ɗakin otal. Waɗannan suna nan, amma ba su kaɗai ne dare ba. Akwai wasan kwaikwayo na dandamali a Terra Kulture da ke tsibirin Victoria, da kiɗe-kiɗe a Cibiyar MUSON ta Onikan, da gidajen sinima a manyan kantuna, da gidajen abinci na bakin tafki inda iyali za su zauna su kalli fitilun gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013. Mai son ganin gadon Fela Anikulapo Kuti zai je New Afrika Shrine a Ikeja, wanda 'ya'yansa suka buɗe a 2000, inda ake bikin tunawa da shi duk watan Oktoba. Wuri ne na kiɗa mai ƙarfi da hayaƙi mai yawa, na manya ne ba na kai yara ba, kuma da yake a tudu yake, ya fi dacewa da daren ƙarshe idan an koma Ikeja da kwana. Ko ina aka nufa, a shirya motar dawowa tun kafin a fita. Motocin Uber da Bolt suna aiki, amma farashinsu yakan hau idan masu nema sun yi yawa ko ana ruwa. Kada a shiga motar haya da ba a sani ba a bakin titi da dare, domin akwai 'yan fashi da suke shigar direba da fasinjoji. Acaɓa kuwa gwamnatin jihar ta hana shi tun watan Yuni na 2022 a ƙananan hukumomi da suka haɗa da Ikeja, Eti-Osa da tsibirin Legas.

Bakin teku shi ne ɓangaren da ya fi bukatar bincike kafin a tashi, domin gaɓar Legas ta canza fiye da kowane sashe na garin. Wanda ya san Bar Beach a shekarun 1980 ko 1990, inda ake hawan doki kyauta ga kallo kuma inda a shekarun 1970 ake harbe 'yan fashi a bainar jama'a, idan ya je yau ba zai same ta ba. Asalin matsalar tsoho ne. A farkon ƙarni na 20 Turawa sun gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana kwasar yashi ne daga yamma zuwa gabas, sai katangun suka tare shi a yamma, gaɓar gabas ta rasa mai ciyar da ita, teku ya yi ta cin ƙasa har ya riƙa malalowa titin Ahmadu Bello. Maganin da aka yi shi ne cike wurin da yashi da gina katangar kariya, kuma a kan wannan sabuwar ƙasa ne ake gina birnin Eko Atlantic. Haka nan a watan Afrilu na 2024 an rushe wurin shaƙatawa na bakin teku na Landmark don ba da hanya ga babban titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700. Saboda haka duk wani bayani da aka samu daga wanda ya je shekara uku da suka wuce, sai an sake tabbatar da shi ta waya.

Wuraren da suka rage a Lekki zuwa Eleko galibi a hannun 'yan kasuwa ko iyalan sarauta suke, kuma ana biyan kuɗin shiga. Kuɗin ƙofa shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Bayansa akwai na ajiye mota, na rumfa da kujeru, a wasu wuraren har da na abincin da mutum ya shigo da shi daga waje. Mai hankali yakan tambayi jimillar tun a ƙofa, ya yi ciniki a kan rumfa kafin ya zauna. Da yammacin Asabar da Lahadi wuraren sukan cika da kiɗa da masu shaye-shaye, don haka mai iyali da yake neman natsuwa ya je da hantsi, ko a ranar aiki. Wanda ya fita da wuri zai iya haɗawa da Cibiyar Kare Gandun Daji ta Lekki, wadda aka kafa a 1990 a kan hekta 78, inda ake tafiya a kan wata gadar igiya mai tsawon mita 401 da aka rataya a saman itatuwa. Biran wurin sun saba da mutane, kuma ba sa jin kunyar fizge abinci daga hannun yaro.

Abu guda da bai kamata a yi wasa da shi ba shi ne ƙarfin ruwan. Tekun Atlantika a gaɓar Legas yana da igiya mai jan mutum ciki ta ƙarƙashi, kuma iya iyo a kogi ko madatsar ruwa ba ya wadatarwa a nan. Wanda bai saba ba ya tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ya riƙe yara a hannu. Wurin da ya fi kwanciyar ruwa shi ne Tarkwa Bay, domin katangar mashigar tashar tana kare shi daga manyan raƙuman ruwa. Ba a zuwa sai ta kwale-kwale daga tsibirin Victoria ko Ikoyi ko Marina, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba, kuma mutum yana zaune a kan yashi yana kallon manyan jiragen dakon kaya suna shiga Apapa, abin da yakan ba mai shigo da kaya sha'awa. A watan Janairu na 2020 sojan ruwa sun tashi mazauna wurin bisa zargin fasa bututun mai, don haka a tafi da ruwan sha da tsabar kuɗi, kada a dogara da samun komai a can. A sa rigar kariya daga nutsewa, kada a shiga jirgin da aka cika fiye da ƙima, kuma a tsayar da lokacin dawowa da direba tun rana tana sama, domin hukumomi sun hana jigilar fasinja a ƙananan jirage da dare.

Idan aka jera waɗannan duka a kan ranakun mako, tsarin da ya fi ba da riba shi ne a iso ranar Alhamis da rana, a ƙetare gada kafin ma'aikata su tashi ko kuma a saɓa musu, tun da su tudu suka nufa. Juma'a ta tafi ga tsibirin Legas, a yi salla a Babban Masallaci, a koma masauki kafin cunkoson yammacin Juma'a, wanda ya fi na kowace rana. Asabar da safe a nufi Lekki ko Tarkwa Bay. Jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara aiki a watan Satumba na 2023 tsakanin Marina da Mile 2, da na Agbado zuwa Oyingbo da ya biyo baya a 2024, suna taimakon wanda yake da sauran harka a tudu, kuma ana biya ne da katin Cowry, wanda shi ne dai ake amfani da shi a manyan motocin BRT. Tafiyar jirgin sama daga Legas zuwa Kano ba ta fi sa'a ɗaya da rabi ba, amma a yammacin ranar aiki tafiya daga Lekki zuwa filin jirgi tana iya ninka wannan. Safiyar Lahadi ce lokacin da titunan Legas suka fi zama fayau, don haka a nemi tikitin komawa na wannan rana kafin azahar, a kuma duba ko daga tsohuwar tashar jiragen cikin gida jirgin zai tashi ko daga ta MMA2, domin ginin ba ɗaya ba ne.